Jan Faifai a Gidan Obrad

A garinmu, wanda ke son sanin ƙungiyar da za ta ci ƙwallo ranar Lahadi ba ya ɓata kuɗinsa a kan jarida. Kafanar bakin kasuwa yake zuwa, wato gidan shan kofi, ya saya wa Obrad kofi, ya tambaye shi wa yake gani. Duk wadda Obrad ya ambata, sai mutum ya yi godiya ya je ya zaɓi ɗayar. Har zaɓen shugaban gunduma an taɓa yi da shi haka. Shi ya sa ake kiransa Mai Duba, sunan da bai taɓa amsawa ba.

Ba a banza ya sami sunan ba, sai da ya yi masa gumi. A shekarar 1982, lokacin yana aikin walda a Jamus, ya zo hutu da na'urar bidiyo, ta farko da ta taɓa shigowa garin. Iri uku ake sayarwa a wancan zamani, kowace da nata kaset, kuma Obrad ya zauna da ƙamus ya karance takardunsu kaf kafin ya zaɓa. Wadda ta fi kyau ya ɗauko, wannan ko mai ƙinsa ya yarda, don kaset ɗinta juya shi ake yi gaba da baya. Ba a daɗe ba aka daina yin ta. Bayan shekara takwas ya sake dawowa da wata mai cin faifai mai faɗin murfin tukunya, ya ce wannan karon ya yi bincike sosai. Fim huɗu ya samo mata, daga nan shiru. Har yanzu su biyun suna ɗakin ajiya, matarsa Stamena tana jera kwalaben niƙaƙƙen tattasai a kansu.

To sai ga shekarar 2007 ta zo da sabuwar rigima. Manyan kamfanoni sun fito da sabon faifai mai hoto tangaran, wai har gashin ido ana ƙirgawa, amma suka kasa shiryawa a kan iri ɗaya. Ga HD DVD, ga Blu-ray. Mu dai ba mu wahalar da harshenmu ba, muka ce ja da shuɗi, tunda da launin gidan faifan ake bambanta su. Na'urar ja ba ta cin shuɗi, ta shuɗi ba ta cin ja, kuma kowa ya san ɗaya zai mutu ya bar masu shi da ƙarfe a kan tebur. Momir mai shagon kayan lantarki ya kawo kwali ɗaya na kowace ya jera a taga. Masu ƙarfin saye a garin ba su wuce shida ba, kuma dukansu suka naɗe hannu suna jiran mutum ɗaya.

Desimir mai aski shi ne kakakinsu. Da Obrad ya zauna zai jawo kujera kusa da shi.

"Maƙwabci, ka taimaki jama'a mana," in ji shi. "Likitan haƙori ya riƙe kuɗinsa tun watan Yuli, hannunsa har ya fara ƙaiƙayi. Nuna mana ɗaya kawai, ko da haɓa ne."

"Ba zan nuna ba."

"To bar maganar na'ura. Wane launi ka fi so haka kawai? A riga, misali."

"Launin bakinka bayan na gama da shi."

Aka kwashe da dariya, aka ƙaro masa kofi. Obrad yana da shekara sittin da takwas, kuma ya rantse a ransa ba za a yi masa dariya karo na uku ba. Zai zauna ya jira sai ɗaya ya kayar da ɗaya, sannan ya shiga shago a tsanake ya sayi wanda ya rage a tsaye, kamar kowane mai hankali.

Da duk wasa ne, ba don faifan da ke cikin aljihun tebur a gidansa ba.

'Yarsu ɗaya ce, Biljana, ma'aikaciyar jinya a Melbourne can Ostireliya, kuma a watan Yuni na shekarar ta yi aure a can. Iyayen ba su je ba. Jini ya taɓa daskarewa a jijiyar ƙafar Obrad, likita ya ce idan ya zauna awa ashirin da wani abu a jirgi to kada ya wahalar da kansa da tikitin dawowa. Obrad ya ce wa Stamena ta tafi ita kaɗai. Ta ce idan ta bar shi mako uku za ta dawo ta tarar yunwa ta kashe shi a gaban firij cike da abinci. Ta kwance jakar da ta riga ta haɗa, ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin da Stamena ke son gani a bikin ba riga ba ce, ba kuma ango ba, hotunansu ai sun cika bango. Ƙafafun 'yarta take son gani. Ita 'yar wani ƙauye ce a kan dutse wanda yanzu ba kowa a cikinsa sai tsofaffi biyu da karnuka, kuma mutanen ƙauyen suna da nasu takun na rawar kolo. Ana kama hannu a zagaya kamar ko'ina, amma kafin taku na uku akwai ɗan jinkiri: diddigen hagu zai rataye a sama kamar mai rawar ya manta abin da zai yi, sannan ya sauka. Kakarta ce ta koya mata, ita kuma ta koya wa Biljana a kicin tun yarinyar tana shekara biyar, tana buga mata kiɗa da cokalin katako a gefen tukunya. Ta tambaye ta a waya ko ta yi takun a bikin. Biljana ta ce, "Mama, ina zan sani? Ƙafa ce take abinta, ni kuka nake yi."

Faifan bikin na farko, irin wanda kowa ya saba da shi, ya iso a watan Agusta. A lokacin tabo ya riga ya fito a tsakiyar idanun Stamena. Duk abin da ta kalla kai tsaye sai ya dushe, sai ta karkata kai ta kamo shi da gefen ido. Likitan ido a Nish ya ce tabon zai ci gaba da faɗi, yana iya ɗaukar shekaru, yana iya ɗaukar watanni. Su biyu suna zaune a gabansa ya faɗa. Obrad ya ji shekaru, Stamena ta ji watanni.

Babban talabijin kam ya sayo shi ba gardama, don talabijin ba shi da abokin gaba. Amma Stamena ba ta gani sai ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, kuma a kusa haka hoton tsohon faifai watsewa yake yi, ƙafafun masu rawa su zama dunƙulen hazo. Obrad ya yi ƙorafi a waya. Mijin Biljana ya koma wurin mai ɗaukar hoton, wanda ya ce ai da sabuwar kyamara ya ɗauka, zai iya fitar da shi a sabon faifai, sai dai kayan aikin ja kaɗai gare shi. A tsakiyar Oktoba faifan ya iso cikin jan gida.

Ranar Stamena tana tsakar gida tana ɓare gasasshen tattasai, hannunta baƙi ƙirin. Obrad ya karanta mata wasiƙar da ke tare da faifan, ya ninke ta, ya yi gyaran murya.

"Tsoho," ta ce, "yaushe za ka kawo abin da ke cinsa?"

"Bari ƙura ta lafa. Bayan Kirsimeti za a san wanda ya ci, haka jarida ta ce."

"Ni ba fim nake so ba. Faifai ɗaya ne."

"Na'urar da ta kusa cinye fansho biyu, saboda faifai ɗaya?"

"An yi bikin da ya fi haka tsada saboda ango ɗaya."

Ya yi kamar bai ji ba. Wani zai ce me ya hana ta ɗaukar jakarta ta je shagon da kanta. Wanda ya faɗi haka bai san gidan ba. Shekara arba'in da huɗu suna tare, kuma tun makon farko suka raba duniya biyu: duk abin da ke da murfi nata ne, duk abin da ke da waya nasa. Obrad bai taɓa buɗe tukunya ba, ita ba ta taɓa canza ƙwan fitila ba. Sannan Stamena tana da wata ɗabi'a da ya sani sarai. Tana roƙon abu sau ɗaya, ta sake sau ɗaya, amma ba ta yin na uku.

Kada a ce bai yi ƙoƙari ba. Washegari da sassafe, kafin kafana ta cika, ya bi ta lungun bayan coci ya shiga shagon Momir ta ƙofar kaya.

"Ara min jan na yini ɗaya," ya ce. "Cikin buhu. Gobe na dawo maka da shi."

"Kawu Obrad, idan na yage like ɗin kwalin nan ya zama nawa har abada. Masu kawo min kaya daga Belgrade ba sa karɓar buɗaɗɗen kwali." Momir ya rage murya. "Ja kake so kenan?"

"Ban ce ina so ba. Aro na ce."

"To ai shi kenan."

Kafin azahar likitan haƙori ya aiko a ajiye masa shuɗin. Da labari ya komo wa Obrad, ya je kafana ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya sanar cewa shi bai zaɓi komai ba, kuma in ma zai zaɓa ba mamaki shuɗin ne. Likitan haƙori ya janye maganarsa. Aka koma gidan jiya, kwalaye biyu a taga rana tana cin launinsu.

Nuwamba ya wuce Obrad yana karatu. Ya san yawan fina-finan kowane ɓangare, ya san kamfanin da ya koma nan da wanda ya koma can, har yana yanko labaran yana ajiyewa cikin ambulan. Wani mako ja ya karya farashi, ya ce wa Stamena an kusa. Mako na gaba shuɗi ya sayar da ninki biyu, ya ce mata gara da bai yi gaggawa ba. Ita dai tana jinsa. Ta daina saka, ta ce zaren bana ba shi da kyau. Ta daina karanta shafin mutuwa a jarida, ta ce duk wanda ta sani ya riga ya mutu. Obrad ya karɓi waɗannan dalilai hannu biyu, don mutum ba ya rasa yarda da abin da ya yi masa daɗi.

Ranar sha tara ga Disamba bikin waliyyin gidansu ne, Nikola. Aka kunna kyandir, fadan coci ya zo ya yanka burodi, baƙi suka cika falo suna warin kifi da sigari. Stamena ta tsaya a bakin ƙofa da tiren dafaffiyar alkama tana tarbar kowa, kuma Obrad ya lura ba ta kiran sunan mutum sai ya fara magana. Matar Desimir ta shigo shiru tana murmushi, Stamena ta gaishe ta da sunan matar fada. Aka yi dariya, Obrad ya ce turirin kicin ne ya rufe mata tabarau. Desimir kuwa ya hango jan faifan a kan tebur, ya ɗaga shi sama yana nuna wa mutane.

"Jama'a, ga shaida. Yana da harsashi, bindigar ce ya ɓoye."

"Ajiye," in ji Stamena. Ba ta ɗaga murya ba, amma ya ajiye.

Da yamma, da baƙin rana suka tafi kafin na maraice su zo, tana wanke ƙananan kofuna yana gogewa, abin da ba ya yi sai ranar waliyyi.

"Ka ce bayan Kirsimeti," ta ce. "Wanne, nasu ko namu?"

"Namu. Bakwai ga Janairu, kwana nawa ne? Ki ƙara haƙuri, tsohuwa. Kin ga yadda suke da ni."

"Na gani," ta ce. Ta miƙa masa kofi, ta miƙa shi ɗan nesa da inda hannunsa yake. Wannan shi ne roƙo na biyu.

Kwana uku kafin Kirsimetinmu, wani babban kamfanin fim ya juya wa ja baya. Obrad ya karanta labarin sau uku, ya ji sanyi a ransa kamar wanda mota ta wuce ta gabansa da ƙyar. Da ya saya a Oktoba, da yanzu garin nan ba ya zaunuwa. Ya kira Biljana ya ce a sake fitar da bikin a shuɗi. Ta ce mai hoton ya ce sai ya sayi sababbin kayan aiki, shi ma jira yake ya ga ƙarshen abin, wataƙila tsakiyar shekara. Ta tambayi idon mamarta. Ya ce da sauƙi, don haka Stamena take faɗa kullum.

A cikin Fabrairu, wata Talata, aka sanar a rediyo cewa masu ja sun miƙa wuya, sun daina ƙera na'urar. Washegari Obrad ya yi aski da kansa, ya sa sabuwar hular da Biljana ta aiko masa wadda bai taɓa sawa ba, ya tafi kafana da jarida a hammata. Ranar tasa ce. Desimir ya tashi tsaye ya cire hula.

"Na sara maka, maƙwabci. Wata bakwai muna zuba maka tarko ka ƙi faɗawa."

"Wanda ya sha wuta sau biyu ai ya koyi wani abu."

"Amma fa faifanka ja ne. Ko ba ka saya ba, inuwarka ta faɗa masa."

"Faifan surukina ne. Je ka Ostireliya ka yi masa tsiya."

Mai kafana ya kawo masa ƙaramin kofin barasa kyauta tun ƙarfe goma na safe. Likitan haƙori ya wuce ta ƙofa rungume da shuɗin kwali, ya ɗaga masa hannu. Obrad ya ji daɗi, daɗi na gaske, irin wanda ya shekara ashirin da biyar bai ji ba a wannan ɗaki. Ya biya ta wurin mai burodi, ya nufi gida yana tsara yadda zai ba Stamena labari.

Tana bakin ƙofar shinge tana share dusar ƙanƙara da ta narke ta zama laka. Ya tsaya a gabanta, taku uku tsakaninsu, ya yi shiru yana jira ta yaba hular. Ta ɗago ta dube shi sosai. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu.

"Sannu, bawan Allah," ta ce. "Maigidan ya fita. Ko saƙo ne?"

Obrad ya tsaya da burodi a hannu. Tsohuwar hularsa mai kunnuwa take ganewa, ba fuskarsa ba, kuma bai san tun yaushe ba. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya.

"Ni ne, Stamena."

"Ai na sani," ta ce da sauri. "Tsokanarka nake yi. Wace irin hula ce wannan?"

Ya miƙa mata burodin, ya sa shi cikin hannunta sosai. Ya ce ya manta wani abu a kasuwa, ya juya.

Momir ya riga ya sauke jan kwalin daga taga, ya manna masa takarda mai adireshin Belgrade da baƙin alƙalami don a mayar da shi.

"Ba ni shi," in ji Obrad.

"Kawu, ba ka ji rediyo ba? Ta mutu jiya."

"Na ji. Ba ni."

"Ka bari zuwa bazara, za a riƙa ba da su kyauta da buhun siminti. Wallahi ba na son a ce ni na sayar maka."

"Momir, na riƙe ka a hannu ranar da aka yi maka baftisma, ka yi min fitsari a riga ban ce komai ba. Yage takardar nan ka ba ni kwalin."

Momir ya yage. Ya ce zai kawo masa a mota da yamma, ko ya naɗe shi a baƙar leda. Obrad ya ce a'a. Ya rungumi kwalin haka nan, jan rubutun yana waje, ya fita ta ƙofar gaba. Hanyar gida mafi kusa ta gaban kafana ta bi, kuma yau ba shi da lokacin zagaye ta bayan coci.

Rana ta ɗan fito, an fitar da tebura biyu waje. Desimir ne ya fara ganinsa. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, sannan dariya ta ƙwace masa har yana riƙe tebur.

"Jama'a ku fito. Ya jira sai da ta mutu, ya tabbatar, sannan ya saya. Mai Duba, wannan ai ya wuce baiwa, sana'a ce."

Mutane suka fito ƙofa da kofunansu. Obrad bai tsaya ba, bai kuma ƙara sauri ba, ƙafar ma ba za ta bari ba.

"Rubuta, Desimir," ya ce yana wucewa. "Na uku kenan."

Ya ji dariyar tana binsa har kwanar gidan waya, kuma abin da ya ba shi mamaki shi ne ba ta da nauyi ko kaɗan. Kwalin ya fi ta nauyi. Abin da ya yi wata huɗu yana gudu kenan.

Haɗa wayoyi bai ɗauke shi minti goma ba, wannan fanni ba a koya masa. Ya ja labule, ya ɗauko kujerar kicin ya ajiye ta dab da talabijin. Stamena ta cire rigar aikin kicin, ta gyara gashinta kamar mai zuwa bikin da kanta, ta zauna. Na'urar ta yi kusan minti guda tana tunani kafin ta karɓi faifan.

Hoton da ya fito sai da ya sa Obrad ya riƙe numfashi. Ba ƙarya suka yi ba. Ga duwatsun rigar amarya ɗaya bayan ɗaya, ga gumi a goshin mai kiɗan akodiyon, ga wani ɗan tabo a haɓar Biljana da ta samu tana shekara bakwai ta faɗo daga keke. Ya tsallake coci, ya tsallake jawabai da yankan kek, ya kai inda aka jera don rawa. Kiɗa ya tashi. Stamena ta matsa gaba, ta karkata kai, yatsunta suna motsi a kan gwiwa.

"Ga ta nan," ta ce. "Dubi ƙafa. Kamar tawa sak."

Obrad ya dubi talabijin. Mai kyamarar ya bar masu rawa ya juya kan wani kawun ango, mutum mai ƙiba, yana goge wuya da hankici. Fuskarsa ce ta cika gilashin daga sama har ƙasa.

"Da kyau, 'yata," in ji Stamena. "Haka na koya miki."

Ya danna ya tsayar da hoton.

"Ba ƙafa ake nunawa ba, Stamena."

Ta jingina da bayan kujera, ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

"Haske nake gani yana motsi," ta ce. "Fari da wani launi. Ka ɗauko shi tun daga kasuwa da wannan ƙafar taka, na ce bari in gani."

"Tun yaushe?"

"Tun wajen Sabuwar Shekara."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa sau biyu."

Ya zauna a hannun kujera yana duban fuskar kawun angon, kowane ɗigon gumi a fili, hoto mafi kyau da ya taɓa shigowa garin nan.

"Kai kana gani?" ta tambaya.

"Ina gani. Har igiyar takalminta."

"To faɗa min."

"Ni me na sani a rawa? Ranar bikinmu sau nawa na take ki?"

"Shida. Ba bakinka nake so ba, ba ka san sunayen takun ba. Kawo hannunka."

Ta buɗe tafin hannunta a kan gwiwa, ta kamo yatsunsa biyu ta ɗora a ciki. Manuniya ita ce ƙafar hagu, ta tsakiya ita ce dama. Duk abin da ƙafar Biljana ta yi, ya yi shi a nan. Obrad ya durƙusa da ƙyar a gefen kujerar, rimot a ɗaya hannun. Ya tura gaba har kyamarar ta sauko ƙasa ta kama fararen takalma a ƙarƙashin rigar da Biljana ta tattare, ya rage gudun hoton.

Karon farko ya rikice, ya sa dama a wurin hagu, ta buge masa hannu. Karo na biyu ya yi sauri, ta ce wannan ba rawa ba ce, kaza ce ke tsattsagar masara. Ya mayar baya. Ya kafa ido a kan takalman kamar yadda yake kafa ido a kan layin walda a da, ya bar yatsunsa suka bi. Dama. Hagu. Sai manuniyarsa ta tsaya a sama ba ta sauka ba, don diddigen da ke cikin gilashin bai sauka ba.

Hannun Stamena ya ƙame.

"Me ya tsayar da kai?"

"Ita ce ta tsaya. Diddigen hagu yana sama. Kamar ta manta ne."

"Ba mantawa ta yi ba."

Diddigen ya sauka, yatsan ya sauka. Stamena ta dunƙule hannunta a kan yatsunsa ta riƙe su da ƙarfi har ya ji zafi. Ba ta yi kuka ba, shi ne ya yi, kuma ya gode wa Allah da ba ta gani, sannan ya ji kunyar wannan godiyar.

"Da na saya a Oktoba," ya ce, "da kin gani da idonki."

Ya jira ta ce ba komai, ko ta ce haka Allah ya rubuta. Stamena ba ta saba faɗin abin da ba haka yake ba sau uku a yini ɗaya.

"Da na gani," ta ce.

Ta saki yatsunsa, ta sake buɗe tafin hannun a kan gwiwa.

"Mayar da shi baya. Wannan karon da gudun kiɗan."